FILIN SANA'A: Ƙonewar Gasket, Yadda Akan Gane Ta Da Yadda Akan Gyara

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani ciwo na injin mota wanda ya sha ɓata tsakanin mai mota da direbansa, ya kuma sha haɗa direba da makanike faɗa a Magazin ta Suame, watau ƙonewar gasket na kan inji. Mutanen zangonmu da yawa abincinsu bisa taya yake: wani yana jan turoturo cikin Kumasi, wani yana ɗauko albasa daga Bawku, wani kuma ya kai ɗansa koyon gyara. In mota ta kwanta mako guda, ba gida ɗaya kaɗai ke jin yunwa ba. Saboda haka ya kamata kowa ya san wannan ciwo, ko da bai taɓa riƙe sifana ba.

MENE NE GASKET?

Inji kashi biyu ne manya. Akwai gangar jiki, wadda makanikai ke kira bulok, nan ne fistin ke hawa da sauka cikin silinda. Akwai kuma kai, wanda ya rufe silindoji daga sama. Tsakanin su biyun akan shimfiɗa wani faifai siriri mai huji-huji, a ɗaure da kusoshi tamau. Shi ne gasket. A da akan yi shi da tagulla da asbestos, amma injinan yanzu galibi nasu fallayen ƙarfe ne da aka jera bisa juna.

Aikinsa kuwa shi ne raba maƙwabta uku da ba su ga maciji: wutar da ke tashi cikin silinda, da ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Kowannensu yana ratsawa daga bulok zuwa kai ta tasa hanya. Muddin katangar nan tana tsaye, lafiya lau. Ran da ta tsage kuwa, sai wannan ya shiga gidan wancan. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ABIN DA KE KAWO SHI

Babban sanadi shi ne zafi. Inji yakan yi aikinsa a wajen digiri 90. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, amma murfin lagireto mai kyau yakan matse shi, har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Kun ga ashe ɗan murfin nan da ake rainawa ba ƙaramin aiki yake yi ba. In murfi ya mutu, ko tiyo ya tsage, ko fanbel ya tsinke, ko famfon ruwa ya gaji, ko laka ta toshe lagireto, sai zafi ya wuce kima. Kan injinan yanzu mafi yawa na alminiyam ne, shi kuwa in ya ji wuta kumburinsa ya kusa ninka na ƙarfen zubi. Sai kan ya tanƙware, ya daina danne gasket daidai, wuta ta sami kafa ta ci shi.

Akwai kuma al'adu biyu namu da ke taimakon ciwon. Ta fari, cika lagireto da ruwan rijiya ko na rafi zalla. Wannan yakan kawo tsatsa da dattin da ke toshe hanyoyi a hankali, alhali kuwa ruwan sanyaya inji da ake sayarwa akwai maganin tsatsa a cikinsa. Ta biyu, cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu da zafi. A waɗansu injina, in an cire shi, ruwan zafi yakan riƙa kewayawa ta gajeriyar hanya bai bi ta lagireto sosai ba, garin neman gira a rasa ido.

ALAMOMI

Na ɗaya, farin hayaƙi mai kauri daga salansa, wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi. Na biyu, ruwa yana raguwa kullum, an duba ƙasa babu ɗigo. Na uku, baƙin mai ya sāke kama, ya zama kamar shayi da madara a jikin sandar awo. Na huɗu, a buɗe murfin lagireto da safe inji na sanyi, a ta da mota. In kumfa yana ta ɓulɓulowa ba ya tsayawa, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Na biyar, tiyon sama ya yi tauri kamar icce tun ba a daɗe da tayarwa ba. Na shida, inji yana rawa da safe, in an kwance fulogi a tarar ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi, sauran kuwa da ɗan baƙinsu.

Amma fa a yi hattara, ba kowane farin hayaƙi ne gasket ba. Da sanyin hunturu kowace mota takan fid da tururi da safe, in ta ɗumama ya ɗauke. Motar da ba ta tafiya mai nisa kuma takan tara ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin mai, raɓa ce kawai. Har wa yau a injinan dizal da yawa akwai wani ɗan akwati mai sanyaya baƙin mai da ruwa. In ya huje shi ma yakan gauraya su, gasket kuwa lafiyarsa ƙalau. Makaniken kirki ba ya kwance kai sai ya yi gwaji. Yakan sa agogon awon matsi a kowace silinda. In biyu da ke jere da juna suka yi ƙasa tare, to, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Akwai kuma wani shuɗin ruwa da akan ɗora a bakin lagireto cikin kwalba. In hayaƙin inji na cikin ruwa sai ya juya rawaya, a dizal kuwa ya yi kore. Mai mota yana da iko ya ce a gwada a gabansa.

IN ABIN YA SAME KA A HANYA

Daga Kumasi zuwa Tamale wajen kilomita 380 ne, ga lodi, ga rana. In allurar zafi ta hau ja bayan Kintampo, kada direba ya ce bari in lallaɓa zuwa gari na gaba. Tsaya, kashe inji, ka ba shi aƙalla rabin sa'a. Kada ka buɗe murfi da zafi, tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya saɓule fuska da hannu, yaran mota da yawa suna ɗauke da wannan tabo. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan yana iya tsagewa. In ruwa ya riga ya shiga mai, a jawo motar, domin mai da ruwa ba ya kare ƙarfe, inji zai buga. In kuwa ruwa ya cika silinda aka matsa sai an tayar, sandar fistin takan lanƙwashe, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Kuɗin janwe bai kai kuɗin sabon inji ba.

GYARA

Sai inji ya huce sarai akan kwance kai, a sassauta kusoshi kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya. Sa'an nan a kankare fuskar kai da ta bulok, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a duba tanƙwara. A injina da yawa abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, watau kamar kaurin gashi guda. Ido ba ya ganin wannan, saboda haka wanda ya shafa da hannu ya ce "ya yi," bai auna ba. In ya wuce, a kai wa masu injin gogewa su daidaita shi, a kuma gwada ko akwai tsaga, domin sabon gasket ba ya maganin tsagaggen kai.

A sayi gasket na ainihi, araha ba ta ado. Na dizal kauri-kauri ne, da alamar huji ko tsaga a gefensa, akan zaɓa bisa ga yadda fistin ya ɗago sama da bulok. Kada a shafa masa gam, kada kuma a haɗa biyu. A tsane ramukan kusoshi, kada a bar mai ko ruwa a ciki. Ɗauri kuwa daga tsakiya akan fara a yi waje, hawa-hawa, da sifana mai awon ƙarfi, bisa ga adadin da maƙeran motar suka rubuta. Dogon bututu da ƙarfin damtse ba awo ba ne. Injina da yawa kusoshinsu masu miƙewa ne, sau ɗaya akan ɗaura su, tilas a sa sababbi. Bayan haka a daidaita tayimin, a canja mai da matatarsa, a zuba ruwa a fid da iska duka.

Abu na ƙarshe, shi ne kuwa mafi girma: a nemo abin da ya kawo zafin tun farko a gyara shi. In an sa sabon gasket aka bar toshasshen lagireto, ba da daɗewa ba za a komo gareji.

TO, LAIFIN WA?

Direba, duba ruwa da mai kowace safiya kafin ka ɗauki fasinja, idonka kuma ya riƙa komawa kan allura. Mai mota, in direba ya ce a sayi tiyo ko murfi, kada ka ce sai ƙarshen wata, sa'an nan in inji ya ƙone ka ce za ka cire a albashinsa. Makanike, faɗi gaskiyar abin da ka gani, ka nuna wa mai kaya tsohon da ka cire, ka kuma koya wa yaranka awo tun suna ƙanana. In kowa ya riƙe nasa, ƙarar da ake kaiwa gaban sarkin tasha za ta ragu.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar birki. Allah ya kiyaye hanya, amin. Haza wasalam.