FILIN MOTOCI: Riƙon Golf Mai Turbo Ya Bambanta Da Na Fijo

A wannan mako filin namu zai yi magana ne a kan wata ƙaramar mota wadda samarinmu ma'aikata da 'yan kasuwa suke matuƙar sha'awa, watau Golf GTI ta kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus. Duk wanda ya leƙa wuraren sayar da motocin Beljiyam a Legas ko Abuja zai iya cin karo da ita, gajeruwa mai guntun baya, ƙofar bayan tana ɗagawa sama, da ɗan jan zare a hancinta. Kuɗinta bai kai na manyan motocin alfarma ba, amma a kan hanya takan bar da yawa daga cikinsu a baya. To amma abin takaici shi ne, wanda ya zaga garejin makanikai zai tarar da irinta a kan duwatsu, ƙura ta rufe ta, mai ita ya gaji da zuba kuɗi.

Galibi abin da yake jawo haka shi ne an riƙe ta irin riƙon da iyayenmu suka yi wa Peugeot 504, watau Fijo, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Fijo mota ce mai haƙuri. A ba ta kowane irin baƙin mai, a cika mata lagireto da ruwan rijiya, ta kai mutum Maiduguri ta dawo da shi. Haka kuma tsofaffin Golf na haya da suke jigilar fasinja a tashoshinmu. GTI mai turbo kuwa suna kawai ta haɗa da su, halinta daban ne.

An fara sayar da GTI a 1976, tana da ƙarfin doki 110, ba ta da turbo, kuma kamfanin ya yi niyyar ƙera guda 5,000 ne kacal, sai kasuwa ta buɗe mata har ta zama abin koyi ga sauran kamfanoni. Wadda za mu fi dubawa a yau ita ce samfuri na biyar, wanda ya fito a 2004 da inji mai lita 2 da turbo, mai ƙarfin doki 200, sai kuma ƙanwarta ta shida da ta biyo baya a 2009 mai ƙarfin doki 210.

MENE NE TURBO?

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Turbo farfela biyu ce a kan sanda guda. Hayaƙin da inji ya fitar, kafin ya wuce zuwa salansa, shi yake juya farfela ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda take danna iska cikin inji da ƙarfi, kamar yadda zugazugi yake hura wutar maƙera. Iska mai yawa tana ƙona fetur mai yawa, shi ya sa ƙaramin inji yake yin aikin babba.

Abin lura a nan shi ne, sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, cikin zafin hayaƙin da yakan kai digiri 900 in ana gudu, kuma ba a kan komai take juyawa ba sai a kan ɗan siririn baƙin mai da famfo yake turo mata ta wani ƙaramin bututu. Muddin man nan ya yanke, ko ya yi kauri, ko ya ƙazanta, to ƙarfe zai ci ƙarfe cikin ɗan lokaci kaɗan. Saboda haka rayuwar wannan mota a baƙin mai take, kuma duk sauran shawarwarin da za su biyo baya a bayan wannan suke.

BAƘIN MAI

Kamfanin ya ƙayyade irin man da injin yake sha. A duba bayan galan a ga an rubuta VW 502 00, yawanci mai lamba 5W-40 ne, irin wanda aka sarrafa musamman domin jure zafi. Man nan mai kauri na 20W-50 da makanikai suka saba ɗura wa kowace mota, da hujjar wai ƙasarmu akwai zafi, bai dace da ita ba, domin da safe yakan yi jinkirin isa turbo, sa'an nan ya ƙone a cikin bututun ya bar dauɗa. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa, ko kyauta aka ba mutum kada ya karɓa. Araha ba ta ado.

A Turai akan yi kilomita 15,000 ko shekara guda kafin a yi juye. A nan, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga gosulo inda inji yake aiki mota ba ta motsi, shawarata ita ce kada a wuce kilomita 7,000, kuma kowane juye a canja matatar mai tare. Bugu da ƙari injin nan yakan ɗan sha mai ko da lafiyarsa ƙalau, don haka a zaro sandar awo a duba duk mako. Akwai kuma wata rariya a ƙasan inji inda famfo yake zuƙo mai, wadda dauɗa takan toshe. Wanda ya sayi motar da bai san tarihinta ba, ya kamata ya sa a kwance kwanon ƙasa a wanke rariyar nan tun da wuri. In jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a kashe inji nan take, kada a ce bari a lallaɓa zuwa gida.

Ɗabi'u biyu kuma suna ƙara wa turbo kwana, ba su cin ko kwabo. Da safe in an ta da mota a tafi a hankali na minti goma kafin a taka totur sosai, har mai ya yi ɗumi ya zaga ko'ina. In kuma an dawo daga doguwar tafiya, a rage gudu tun kafin a iso, a bar inji ya yi aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Al'adar nan ta taka totur da ƙarfi sa'an nan a murɗe makulli, ta zamanin kafireto ce. A mota mai turbo tana barin farfela tana juyawa alhali famfo ya daina turo mai.

RUWA DA FETUR

Akwai wani aiki da ya zama ruwan dare a garejinmu, watau cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, a kuma haɗa fanka kai tsaye. An ƙera injin nan ne domin allurar zafinsa ta tsaya a kan 90. In aka cire tamostat sai ya daɗe bai yi ɗumi ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur, rarar fetur ɗin ta wanke man da ke jikin silinda ta gangara ta tsinka baƙin mai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. In mota tana zafi, a nemi dalili: ko lagireto ya toshe, ko fanka ta mutu, ko famfon ruwa ya gaji. Har ila yau kada a zuba mata ruwan famfo zalla. Tana da ruwanta mai launin hoda, wanda ake kira G12, mai hana tsatsa, kuma wannan ruwa yana ratsa turbo ma domin sanyaya shi.

Game da fetur kuwa, kamfanin ya fi son mai daraja 98, ya kuma yarda da 95. In man ya gaza, injin yana da na'urar da take jin ƙwanƙwasa ta rage masa ƙarfi domin ta kare shi, amma kariyar tana da iyaka. Masu karatu za su tuna da abin da ya faru a watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, motoci da dama suka lalace a Legas da Abuja. Don haka a riƙe gidan mai guda wanda aka amince da shi, a guji 'yan bumburutu, kuma in an ji motar ta yi sanyi bayan an sha mai a baƙon wuri, kada a matsa mata sai man ya ƙare.

INDA TAKE DA RAUNI

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Samfuri na biyar yana da wurare sanannu da suke ba da wahala, kuma dukkansu gyaransu da sauƙi in an riga su.

Na farko wani ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da bai fi murfin kwalba ba, wanda yake zaune tsakanin kamshaf da famfon da yake tura fetur da ƙarfi. Yakan cinye a hankali har ya huje, in kuwa ya huje sai ya ci kamshaf da famfon gaba ɗaya. Kusoshi uku ne suke riƙe da famfon, saboda haka duba shi ba dogon aiki ba ne. A duba shi duk bayan juye biyu ko uku.

Na biyu shi ne bel ɗin da yake daidaita bawul da fistan. In ya tsinke ana tafiya, fistan zai daki bawul ya lanƙwasa su, aiki ya koma na kwance kan inji. Tun da ba a san ranar da aka canja shi a can Turai ba, kuma lambar tafiyar da ke jikin motocin Beljiyam ba abin rantsuwa ba ce, a canja shi da zarar an saya, tare da famfon ruwa, domin bel guda ne yake juya su. Samfuri na shida, da wasu na ƙarshen na biyar da suka fito daga Amurka, sarƙa gare su maimakon bel. A nan kuma abin da yake ɗaure sarƙar ne yake da rauni a waɗanda aka fara ƙerawa. Alamarsa ƙara kamar ta gwangwani in an ta da mota da safe. Wanda ya ji haka kada ya jira.

Na uku, in mota ta rasa ƙarfi farat ɗaya, kada a yarda a ce turbo ne ya mutu sai an bincika. Sau da yawa wata 'yar roba ce ta yage a cikin bawul ɗin da yake sakin rarar iska, ko tiyo ya zare, ko kwayil guda ya mutu, domin kowane fulogi yana da nasa. Turbon da ya mutu da gaske yakan nuna kansa da shuɗin hayaƙi da kuka kamar jiniya. In ta kama dole a canja shi, a canja bututun mansa tare, a kuma gano abin da ya kashe na farkon, in ba haka ba sabon ma zai bi sawu.

Na huɗu, injin yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, don haka babu abin da yake wanke bawul ɗin shigar iska, baƙin gawayi yakan taru a kansu har mota ta riƙa rawa da safe. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya isa wurin, sai an buɗe an kankare. Masu giyar nan mai canja kanta da ake kira DSG kuwa, su sani tana da nata mai da matata, ana canjawa duk kilomita 60,000, kuma ba ta son a riƙe mota a kan tudu da totur maimakon birki.

Duk wannan yana bukatar makaniki mai na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Wanda zai yi ta canja kaya yana gwaji da kuɗinka, ka gode masa ka ƙara gaba. Kaya kuwa, ko a Ladipo ta Legas, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ka tafi da tsohon a hannunka ka gwada lambar da ke jikinsa da ta sabon.

DAƊIN TA

Wanda ya kiyaye waɗannan zai sami mota mai daɗin sha'ani. Ƙarfinta yana zuwa tun inji bai ɗaga murya ba, shi ya sa wuce tirela a hanya mai layi ɗaya yake zuwa da sauƙi, mutum ya fita ya koma hannunsa cikin ɗan lokaci. Tana riƙe kwana, birkinta yana da kyau, in aka kwantar da kujerun baya ta ɗauki kayan cefanen wata, kuma in an bi ta a hankali shan manta bai wuce kima ba, abin da ya zama muhimmi tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Sai dai tana kusa da ƙasa, tayoyinta ba su da tudu, don haka rami da tudun rage gudu abokan gabanta ne.

Akwai samari masu kai ta a taɓa kwamfutarta domin ƙarin ƙarfi. Ƙarfin yakan ƙaru, amma zafi da nauyin da ke kan turbo da kuloci su ma suna ƙaruwa, ga fetur ɗinmu yadda yake. Ban ga hikimar yin haka ga motar da ta haura shekara goma sha biyar ba. Dokar hanya ta tsayar da gudun ƙananan motoci a kan kilomita 100 a sa'a a manyan tagwayen hanyoyi, kuma ko a wannan gudun mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, a hanyoyin da shanu da 'yan acaɓa da yara 'yan talla suke tsallakawa.

Ga mai niyyar saye, shawarata ta ƙarshe ita ce ya ware kuɗin bel da famfon ruwa da juye da wankin rariya a gefe tun kafin ya yi ciniki, ya lissafa su cikin kuɗin motar. In aljihu bai kai nan ba, ya nemi Golf marar turbo, babu abin kunya a ciki. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gane shekarun taya daga lambar da ke jikinta. Allah ya kiyaye hanya.