CINIKIN BIRI A SAMA

A ƙasar Amurka akwai waɗansu attajirai waɗanda sana'arsu ita ce zuba kuɗi cikin sababbin kamfanonin da ba su fara cin riba ba. Wannan shi ne jarin kasada. Ya kamata jama'a su san yadda mutanen nan ke yi wa kamfani kuɗi, gama jaridu sukan buga adadin sai ka ce an ƙirga shi a akwati.

Ga yadda abin yake. Sukan duba waɗanda suka kafa kamfanin, da girman kasuwarsa, da saurin ƙaruwar masu ciniki da shi. In sun gamsu, sai su ba da, a misali, dala miliyan 10, su karɓi kashi ɗaya cikin biyar. Nan take sai a ce kamfanin ya kai dala miliyan 50. Ninkawa kurum aka yi. Su kansu sun san yawancin kamfanonin nan ba za su kai labari ba, ɗayan da ya yi fice shi zai rufe hasarar saura. Saboda haka sukan sa sharaɗi cewa ran da aka sayar da kamfanin, su za a fara biya.

To, dubi WeWork, mai ba da hayar ofisoshi. A 2018 ya yi hasarar dala biliyan 1.9, amma a Janairun 2019 kamfanin SoftBank na Japan ya zuba masa jari bisa ƙimar dala biliyan 47. Da ya buɗe littattafansa a watan Agusta don sayar wa jama'a hannun jari, masu saye suka gani suka ja da baya. A watan Oktoba ƙimar ta dawo wajen biliyan 8. A Nuwamba aka sallami ma'aikata 2,400, a 2023 kuma kamfanin ya kai kansa kotu, bashi ya fi ƙarfinsa.

Ba mu ce jarin kasada mugun abu ne ba, Google ma ya sami irinsa a 1999. Abin da muke cewa shi ne, adadin da mai jari ya faɗa tayi ne, ba awo ba. Attajiri ya kare kansa da sharaɗi, ma'aikaci kuwa da me ya kare nasa? Duk wanda aka ce ya karɓi hannun jari maimakon cikakken albashi, ya fara tambaya: ran da aka karye, wa za a fara biya?