Kundin Sunayen Masu Fyaɗe: Wa Zai Kai Sunan Can?

Tun shekarar 2020, lokacin da labaran fyaɗe suka cika gidajen rediyo har ƙungiyar gwamnonin Nijeriya ta ce ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin, 'yan majalisu a ƙasar nan suke ta kai gwauro suna kai mari a kan abu biyu: wane hukunci za a yanke wa wanda ya lalata ƙaramin yaro, kuma a wane kundi za a rubuta sunansa domin jama'a su san shi. A watan Yuni na waccan shekarar wani ɗan Majalisar Wakilai ya kawo shawarar a riƙa dandaƙe masu fyaɗe, majalisar ta yi watsi da ita. Wata uku bayan haka Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta amince da abin da ta Abuja ta ƙi, Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu: wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe a dandaƙe shi sannan a kashe shi, a kuma sa sunan masu laifin a kundi a bayyana wa duniya. Shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, Michelle Bachelet, ta fito ta ce hukuncin ya yi tsauri. Aka yi ta musayar yawu, kowa ya koma gida yana jin ya yi aiki.

Shi kundin ba sabon abu ba ne. Dokar hana cin zarafin mutane da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ta ce a buɗe shi kuma jama'a su iya dubawa, hukumar NAPTIP ta ƙaddamar da na ƙasa baki ɗaya a watan Nuwamba na 2019. Babu mai hankalin da zai ce ba shi da amfani. Mai makaranta da zai ɗauki malami, ko mai gidan marayu da zai ɗauki maigadi, yana da haƙƙin ya san ko kotu ta taɓa kama mutumin da laifin lalata yara.

Sai dai tunda daga Turawa aka aro wannan tsari, ya kamata a dubi yadda ta kaya a can. A 1994 ne wani mutum da aka taɓa ɗaurewa har sau biyu kan taɓa yara ya yaudari wata yarinya 'yar shekara 7, maƙwabciyarsa, a jihar New Jersey ta Amurka, ya lalata ta ya kashe ta. Iyayenta suka ce da sun san wanda ke zaune a tsallaken titi da ba su bar ta ta je wurin ba. Cikin wata uku jihar ta yi dokar sanar da maƙwabta, wadda ake kira dokar Megan, a 1996 ta zama ta ƙasa. Da aka kai 2008 sai binciken da hukumar gidajen yarin jihar ta New Jersey ta gudanar ya nuna babu wata shaida cewa dokar ta rage yawan masu sake aikata laifin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Alƙaluman ma'aikatar shari'a ta Amurka sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da aka lalata sun san wanda ya yi musu: ɗan uwa ne, ko maƙwabci, ko abokin uba, ko malami. Mafi yawansu kuwa ba su taɓa shiga kotu ba, balle sunansu ya shiga kundi.

To idan haka ta faru a inda 'yan sanda ke da kayan bincike, ina ga nan? Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun gamu da cin zarafi na lalata kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda suka sami wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. A ɗaya gefen, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce ƙorafin fyaɗe 717 ne suka iso gare su daga Janairu zuwa Mayu na 2020, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Sauran ina suka maƙale?

Kowa ya san inda suka maƙale. A zaure suke mutuwa. Uwa ta ga jini a jikin 'yarta, ta gaya wa maigida, kafin gari ya waye dattawan unguwa sun hallara, ana cewa a rufa asiri, wai kar yarinya ta rasa mijin aure. A tara 'yan kuɗi a ce na magani ne, a karanta fatiha a watse, shi kuwa mutumin gobe yana sahun gaba a masallaci. Idan talaka ya yi ta maza ya kai ƙara, sai a fara: kuɗin mota, kuɗin takardar asibiti, kuɗin fayil, sannan a yi ta ɗage shari'a har takalminsa ya ƙare ya haƙura. Abin takaici shi ne ana jingina wannan shirun da addini. Suturta Musulmi da aka kwaɗaitar ta shafi wanda ya zalunci kansa tsakaninsa da Ubangijinsa. Ba ta shafi kuran da aka saka cikin garken awaki ba. Ɓoye shi ha'inci ne ga yaron da zai faɗa hannunsa nan gaba, kuma wanda ya ɓoye shaida shi ma yana da kamasho.

Kuma kar a ɗauka 'yan mata kaɗai abin ke ci. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300, da yawansu yara maza, daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da ake kira makarantar gyaran tarbiyya, wasu da mari a ƙafa, wasunsu suka ce an yi lalata da su. Almajirin da ke kwana a shagon wani, nesa da iyayensa, wa zai kai wa kuka?

Akwai kuma haɗarin da ya fi shafar matasa kai tsaye. A shekarar 2000 wata jarida a Ingila ta riƙa buga sunaye da hotunan masu lalata yara, sai gungun mutane suka fita farauta, aka far wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba saboda kamannin fuska ko na suna, har aka ɓata gidan wata likitar yara da rubutu domin jahilai sun rikita sunan sana'arta da sunan laifin. A garuruwan da ihun "ɓarawo" ya isa a kawo taya da fetur, hoto ɗaya a WhatsApp zai iya halaka bawan Allah kafin a tantance. Kishi ba hujja ba ne, kuma haddi ba a hannun 'yan unguwa yake ba.

Aikin da ke gaban 'yan uwa matasa ya fi duka wuya, domin ba a yi masa kabbara. Idan abu ya faru a unguwa, a gaggauta kai yaron asibiti kafin a yi masa wanka ko a wanke tufafinsa, saboda shaidar tana nan, kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau ba ya aiki sai an fara shi cikin awa 72. A Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Kano akwai cibiyar Waraka, domin irin wannan aka buɗe su. A raka uban yaron ofishin 'yan sanda, a raka shi kotu duk ranar zama, a haɗa masa kuɗin mota, kar a bar shi shi kaɗai gaban masu zuwa biko da dare. Sunan yaron kuma a kame baki daga yaɗa shi.

Su kuma 'yan majalisa, tambayar da ta kamata a yi musu idan sun zo mazaɓa ita ce: ƙorafi nawa aka kai a jihar a bara, nawa suka isa gaban alƙali, nawa aka yanke, kuma nawa aka ware a kasafin kuɗi domin gwajin asibiti kyauta da lauyan da zai tsaya wa ɗan talaka? Su kawo amsar a rubuce, a karanta ta a rediyo.