Rajistar Furotin Da Masu Duba Ta

A watan Oktoba na shekara ta 2024 aka ba mutum uku kyautar Nobel ta ilmin sinadarai. Biyu daga cikinsu, Demis Hassabis da John Jumper, sun same ta ne saboda AlphaFold, wata dabarar kwamfuta wadda ta kintaci siffar furotin fiye da miliyan 200. Jaridun duniya sun sha yabonsu. Amma ni a ganina akwai aikin da ya fi wannan bukatar a sa masa ido, watau aikin rajista.

Furotin su ne ma'aikatan jiki: wani na ɗaukar iska cikin jini, wani na narka abinci. A da, kowane masani ya gano ɗaya sai ya raɗa masa sunan da ya ga dama, har abu guda ya tashi da suna uku. Kowane akawu ya san abin da kan faru in fayil ba shi da lamba. Saboda haka a shekara ta 1961 wani kwamiti na ƙasashen duniya ya kasa furotin masu gaggauta aiki cikin jiki gida shida, aka ba kowane aiki lamba mai gaɓa huɗu. Sai a 2018 aka ƙara gida na bakwai. A 1998 kuma masu nazarin ɓera da ƙuda da yisti suka shirya kalmomi na bai ɗaya, domin a amsa tambaya uku game da kowane furotin: mene ne aikinsa, cikin wace hidima ta jiki, a wane wuri.

Kada mai karatu ya ce wannan sha'anin Turawa ne kurum. Lamba 1.1.1.49 ita ce ta G6PD, wanda mutane da yawa a Nijeriya su ke da ƙarancinsa. In aka ba irinsu primaquine, maganin zazzaɓin cizon sauro, jajayen ƙwayoyin jininsu na iya farfashewa. Lambar ce ke sa likitan Kano da masanin Ingila su tabbata abu ɗaya su ke zance.

To, ga inda gizo ke saƙar. A 2024 babbar rajistar nan UniProt tana ɗauke da furotin fiye da miliyan 200, amma waɗanda masana suka zauna suka duba da idonsu, a sashen Swiss-Prot wanda Amos Bairoch ya fara a Janeba a 1986, ba su kai dubu 600 ba. Sauran duka inji ne ya ba su aiki, don ya ga sun yi kama da wani. In kuwa na farin kuskure ne, haka za a yi ta kwafarsa, kamar ɗalibai arba'in da suka kwafi lissafi daga littafin yaro ɗaya.

Gaskiya masu rajistar ba su ɓoye wannan ba, gama kowane bayani akwai alama a gefensa mai nuna ko gwaji ne ya tabbatar da shi ko kintace ne. Wannan alama ita ya kamata malaman kimiyya su koya wa ɗalibai dubawa tun kafin su karanta bayanin.