A Samar Mana Wurin Jinya a Katagum

Malam Edita,

Tun 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, amma har gobe in ka bi lungunan Azare da sassafe sai ka taka kwalabensa da fankon tiramol. Ƙanena sau biyu ana kama shi da irin waɗannan kayan maye. Muka yi belinsa, ko sati bai rufa ba ya koma ruwa. Mai sayar masa kuwa, shagonsa a buɗe.

Fotugal tun 2001 ta daina ɗaure wanda aka kama da ɗan kayan mayen da zai sha, magani ake nema masa. Roƙona ga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da Masarautar Katagum, a samar mana wurin jinya a kusa. Kuɗin motar kai ƙanen nawa jinya Kano ma ya gagare mu.

Wani magidanci,
Azare.