Katin Rangwame: Gyara Ce Ko Ciniki?

Kowa ya san gyara. In ka saba da mai tumatir, bayan ta ba ka na kuɗinka sai ta ƙara maka biyu ko uku domin ka dawo gobe. Manyan kantuna su ma suna da irin tasu gyarar, wato katin rangwame. Kana sayayya ana tara maka maki, wata rana a rage maka farashi. Amma kafin a ba ka katin sai ka ba da sunanka, da lambar wayarka, da adireshinka. A ganina wannan ciniki ne, kuma sirrinka ne kuɗin da kake biya.

A shekarar 1995 kantin Tesco na Birtaniya ya fito da katinsa mai suna Clubcard. Duk sa'ad da aka miƙa katin, kwamfuta takan rubuta abin da aka saya, da lokacin, da wanda ya saya. Rangwamen ba ƙarya ba ne. A 2024 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta bincika, ta tarar cewa yawancin farashin masu kati ragi ne na gaskiya. Sai dai wanda ya ƙi ba da sirrinsa yakan sayi kaya iri ɗaya da tsada. Ina adalci a nan?

Abin bai tsaya nan ba. A 2012 jaridar New York Times ta ba da labarin yadda kantin Target na Amurka yake gane mace mai juna biyu daga irin man shafawa da magungunan ƙarin jini da kuzari da take saye, sa'an nan ya aika mata tallar kayan jarirai. Abin da mace take ɓoyewa don kunya, kanti ya riga danginta sani. A 2013 kuma ɓarayin intanet suka kutsa cikin kwamfutocin wannan kanti, suka kwashe bayanan katin banki kimanin miliyan 40, da sunaye da adireshi da lambobin waya na mutane har miliyan 70. Rumbun da ya cika, shi ɓera yake nema.

A nan gida Nijeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mu dama mu san dalilin da ya sa ake karɓar bayananmu, mu janye yardarmu, mu ƙi saƙonnin talla, mu kuma nemi a share sunanmu. In aka yi satar da za ta iya cutar da mutane, dole kamfani ya sanar da hukuma cikin sa'o'i 72.

Saboda haka, ya ku ɗalibai da iyaye, kada kwaɗayin ragin naira ɗari ya sa mu sa hannu a takardar da ba mu karanta ba. Mu tambaya: me za a yi da bayanan nan, wa kuma zai gan su? Wanda ya buga waya yana cewa ka ci kyauta, ka faɗi lambar sirrinka ta banki, ɓarawo ne. Ku kuma da za ku zama 'yan kasuwa gobe, ku tuna sirrin mai saye amana ce a hannunku, ba haja ba. Allah ya ba mu hikima, amin.