Sharhi: Idan salula ta ce hanya ba ta da tsaro, a dakata da aika kuɗi

A yau daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme, mai sayar da wake ko gyaɗa ba sai ta ƙulle kuɗi a bakin zane ta shiga mota ba. Da salula ake aikawa Yamai ko Maraɗi. To amma wani lokaci sai jan gargaɗi ya fito a fuskar waya cewa hanyar ba ta da tsaro. Mutane da yawa sukan danna su wuce saboda gaggawar ciniki, kuma nan ne asara ke shigowa.

Kowane banki ko kamfanin aika kuɗi yana da takardar shaida ta intanet, kamar katin ɗan ƙasa. Idan ɓarayi suka sace mabuɗinta, kamfanin da ya bayar da ita yakan soke ta, ya sa lambarta cikin jerin takardun da aka soke. Waya takan duba wannan jeri kamar yadda jandarma ke duba takardun mota a shinge.

Abin ya taɓa faruwa. A 2011 'yan kutse sun shiga kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, suka buga takardun jabu da sunan Google, aka yi amfani da su wajen leƙen saƙonnin mutane a Iran. Kamfanin bai sake tashi ba.

Matsalar da ta shafe mu ita ce raunin rezo a ƙauyuka. Idan waya ta kasa samun jerin, wasu manhajoji sukan bar mutum ya wuce shiru, ko da takardar sokakkiya ce. Shi ya sa a 2025 manyan kamfanonin intanet suka amince a rage wa'adin takardun sannu a hankali, har ya koma kwana 47 a shekarar 2029, don kada takardar sata ta daɗe tana aiki.

Ba kowane gargaɗi ne ke nufin ɓarawo ba. Sau da yawa kwanan watan waya ne ya karkace, musamman idan batir ya daɗe a mace, sai ta ɗauki takarda mai kyau a matsayin mara inganci. Don haka a fara gyara kwanan wata da lokaci. A sabunta manhaja inda rezo ke da ƙarfi, a sake gwadawa. In gargaɗin bai gushe ba, kada a sa lambar sirri. A taka zuwa wurin wakilin kamfanin.

Haka kuma rashin gargaɗi ba shaidar gaskiya ba ce, domin 'yan damfara ma suna samun takarda ga shafukansu na jabu. A riƙa karanta sunan shafi da kyau, 'yan uwa 'yan kasuwa. Jinkirin rabin yini ya fi asarar jarin shekara.